Farin layin nan da jirgi ke bari a sama

Jiya da yamma muna zaune a gindin dalbejiya nan Garwa jirgi ya wuce can ƙololuwa ya ja farin layi, sai ƙanena yace wai guba ce turawa ke fesa mana don mu daina haihuwa, a WhatsApp ya gani. Wlh abun ya dame ni, dan Allah jama'a mu daina yaɗa wannan magana.

Ƙanƙara ce fa. Kun san yadda in sanyin hunturu ya tsananta da asuba mutum yana magana tururi na fita daga bakinsa? To haka ne. Jirgin yana tafiya wajen kilomita 10 a sama inda sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, kuma duk kilo 1 na kalanzir da inji ya ƙona yana fitar da tururin ruwa fiye da kilo 1, tururin ya kama ƙwayoyin kunkunniyar hayaƙin ya daskare nan take. In iskar can a bushe take layin ya ɓace yanzu yanzu, in akwai laima sai ya daɗe yana bazuwa har ya zama siririn gajimare.

Illar gaske ga ta nan, ita ce ba wanda ke turo mana a waya. Da rana gajimaren yana ɗan tare hasken rana, amma da dare kamar bargo yake, zafin da ƙasa ke fitarwa sai ya riƙe shi ya hana shi tafiya. Binciken da aka fitar a 2021 ya nuna jiragen sama ke da kusan kashi 3.5 cikin 100 na ɗumamar da ɗan Adam ke jawowa, kuma fiye da rabin wannan daga layukan nan ne. Abun haushin shine maganin ba wuya, a 2023 Google da kamfanin jiragen sama na American Airlines sun gwada a tafiya 70, matuƙa suka ɗan canza tsayi suka kauce wa iska mai laima, layukan suka ragu da kashi 54.

To me ake jira? Mu nan yawancinmu in ba aikin Hajji ba ko ƙofar jirgi bamu taɓa takawa ba, amma watan Afrilu mu ke kwana a tsakar gida muna yayyafa wa tabarma ruwa, yara na kuka har asuba, jiragen kuma suna ta ratsawa ta kanmu.