Ga ƙannena masu son zuwa koyar da Turanci a Tailan

Assalamu alaikum. Tun da labari ya bazu cewa ina koyarwa a wata makarantar gwamnati a arewa maso gabashin Tailan, yankin da ake kira Isan, wayata ba ta huta ba. "Yaya, a nema min hanya." "Malam, ni ma fa ina da Turanci." Yawancinku ban san ku ba, amma na san abin da ya koro ku: digiri na kwance a akwati, bautar ƙasa ta ƙare, kuɗin kati ma sai an roƙi Hajiya. Ban ga laifinku ba. Abin da ke damuna shi ne da wuya ka ji wanda ya tambaye ni yara nawa ne a aji, ko me ake koya musu. Kowa biza, kowa albashi. To ku saurara da kyau. Aikin nan koyarwa ce, kuma wanda bai iya haƙuri da yara a Kano ko Zariya ba, hawa jirgi ba zai koya masa ba.

Ku fara sanin matsayin fasfonku a wannan kasuwa. Koriya ta Kudu tana ba da bizar koyar da Turanci ne ga 'yan Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, duk da da Turanci muka yi karatu tun daga firamare. A Sin kuwa, tun watan Yulin 2021 gwamnati ta taka wa kamfanonin darasin bayan makaranta birki, ayyuka da yawa suka tafi da su. Tailan ta bar ƙofa a buɗe, amma ita ma ba ta lissafa mu cikin waɗanda Turanci harshen uwa ne a gare su. Sai ka zauna jarrabawa irin TOEIC, ana neman aƙalla maki 600 cikin 990. Na ga masu digiri a Turanci suna hura hanci wai an raina su. Ajiye girman kai ka je ka rubuta, in da hali ka wuce 900, domin wannan takardar ce za ta yi maka magana a ofishin da ba a ba ka damar buɗe baki ba.

Sauran takardun ku same su tun a gida: a tantance digirinka a Ma'aikatar Ilimi da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, takardar shaidar hali daga 'yan sanda, da takardar wankewa daga NDLEA, wadda ake nema a wurin ɗan Najeriya mai zuwa Tailan. Bizar aiki sunanta Non-B, a kanta ake yin takardar izinin aiki. Duk ejan da ya ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido ka fara shiga aji "kafin a gyara", da wuyanka yake wasa. Ranar da jami'an shige da fice suka zo, kai za a ɗauka, shi yana gida yana shan shayi. Wuce wa'adin biza tarar baht (kuɗin Tailan) 500 ce kowace rana har ta kai 20,000, in ya zarce kwana 90 a hana ka shiga ƙasar na shekara guda ko fiye.

Akwai wadda ta fi wannan muni. Idan ka ga talla a Facebook ko Telegram, ana neman mai jin Turanci a Bangkok, albashi da dala, tikiti kyauta, ba a tambayi digirinka ba, ka gudu. An ɗauki mutane da yawa a haka daga filin jirgi, aka yi ta tafiya da su har garin Mae Sot, aka tsallaka kogin Moei da su zuwa Myawaddy a Myanmar, aka kulle su a gidajen damfarar intanet, mai ƙin aiki a dake shi. A Fabrairun 2025 an fito da dubban mutane daga irin gidajen nan, har da 'yan Habasha da 'yan Kenya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Makarantar gaske tana da suna da adireshi da shugaba, kuma za ta ce ka koyar a gabanta ta gani kafin ta ɗauke ka.

Yanzu ga yadda ranar take, tunda ba wanda ya tambaya. Ranar da tsaron ƙofa ya zo kaina, kafin bakwai da rabi ina bakin get. Yara na sauka daga babura da motocin a-kori-kura, kowane ya haɗa tafukan hannunsa a ƙirji ya ɗan sunkuya, ni ma in amsa. Ƙarfe takwas a ɗaga tuta, a rera taken ƙasa, a yi addu'o'in addinin Buddha, ni ina tsaye a gefe hannuwana a saki, zufa ta riga ta jiƙa bayan rigata. Ranar Litinin malamai da yawa rawaya suke sawa. Daga nan sai aji. Takalman yara jere a bakin ƙofa, fanka na juyawa a sama ba ta kashe komai, yara arba'in da wani abu, minti hamsin. Yawancin azuzuwan sau ɗaya a mako nake ganinsu. Ka yi tambaya, ɗakin ya yi tsit. Sun sani sarai. Tsoron kuskure a gaban abokai ne ya ɗaure musu baki, domin a nan kunyata a bainar jama'a babban abu ne. Akwai wata yarinya a layin baya da ta yi kusan zango guda ba ta ce min uffan ba, sai dai in na wuce ta tura min littafinta da ɗan yatsa in duba. Amsoshinta duk daidai. Sai da na fara raba su biyu-biyu suna magana da juna, ina zagayawa kamar ba na ji, sannan na ji muryarta.

Saboda haka salonmu na gida ba ya aiki a nan. Tsawa, zare ido, "fita ka durƙusa", balle bulala, wadda Ma'aikatar Ilimi ta hana. Malamin da ya ɗaga murya shi ne ya zubar da mutuncinsa a idonsu, kuma ba wanda zai gaya maka ka yi laifi. Za a ci gaba da yi maka murmushi, ƙarshen zango a ce ba a sabunta kwantiraginka ba. Kada ka dafa kan yaro ko da wasa, kan mutum abin girmamawa ne a wurinsu. Kada ka nuna abu da ƙafa. Kada ka gyara wa malamar Turanci 'yar ƙasa kuskurenta a gaban ɗalibai, ko da kuskuren ya kai girman allo. Ita ce za ta raka ka ofishin shige da fice, ita za ta yi maka tafinta a asibiti. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma sandarka kenan kake shirin karyawa.

Ku kuma gyara bakinku. Mu Hausawa mun san inda Turanci ke kayar da mu: p da f suna musanya mana wuri, wasu sautukan kuma mukan mayar da su z ko s. A gida ba komai, kowa ya gane. A nan yara arba'in ne za su kwashe yadda ka faɗa su tafi da shi gida, uwar da ta biya ƙarin kuɗi don ɗanta ya ji Turanci daga bakin baƙo ta saurara. Ba na ce ka koma magana ta hanci kamar ɗan Landan ba, wannan abin dariya ne. Ka naɗi muryarka a waya ka saurara, ka rage gudu, ka fitar da ƙarshen kalmomi. Su ma suna da nasu wuraren tuntuɓen, l a ƙarshen kalma n take koma musu, s ɗin ƙarshe kuma sukan haɗiye ta. Wanda ya sha wahalar gyara nasa harshen ya fi sanin yadda zai taimake su, kuma a nan nake ganin mun fi Baturen da aka haifa da Turanci bai taɓa zama ya koye shi ba. Kwas ɗin koyarwa na gaske, irin CELTA na Cambridge, inda ake sa ka a gaban ɗalibai ana duba ka, ya fi satifiket ɗin da ake saya a intanet cikin kwana biyu nesa ba kusa ba.

Maganar launin fata ba zan ɓoye muku ba. Akwai tallan aikin da za ka ga an nemi hoto kafin a nemi takardu, kun san dalili. Sau da yawa Bature marar ƙwarewa ya fi ɗan Afirka ko ɗan Filifin mai digirin koyarwa albashi, a makaranta ɗaya, aiki ɗaya. Yara ƙanana za su shafa hannunka su duba yatsunsu. Na yaran ba ya ɓata min rai, rashin sani ne, mako biyu ya wuce. Na manyan yana da ciwo. Amma ku sani sunan Najeriya ya riga ku isowa, kuma ba da alheri kaɗai ya iso ba, saboda abin da wasu suka yi na ƙwaya da damfara. Wake ɗaya ke ɓata gari. In ka yi latti, in ka shiga aji ba shiri, in ka karɓi albashi ka ɓace tsakiyar zango saboda wata makaranta ta ƙara maka kaɗan, shugaban makarantar ba sunanka zai riƙe ba, ƙasarka zai riƙe, kuma takardar ɗan'uwanka da ta zo bayanka kwandon shara za ta.

Addininka kuwa kai za ka riƙe abinka, ba ladanin da zai tashe ka da asuba. Musulmi suna da yawa a kudu, Pattani da Yala da Narathiwat, akwai masallatai birjik a Bangkok, amma a ƙauyukan Isan sai ka yi doguwar tafiya kafin ka ga hasumiya. Juma'a ranar aiki ce. Tun ranar sa hannu a kwantiragi ka roƙi a bar maka tsakar ranar Juma'a ba darasi, da ladabi, kafin a buga jadawali. Naman alade yana cikin kusan komai, har romon miyar da ka ɗauka ta kayan lambu ce. Ka koyi faɗin ba ka ci da harshensu tun makon farko, ka nemi tambarin halal a jikin kaya, ka nemo mai sayar da roti ko shinkafa da kaza mai kurkum, galibi Musulmi ne, su za su nuna maka masallaci da mahauci. Shinkafarsu mai danƙo da hannu ake cin ta, a dunƙula a dangwala kamar tuwo, ita ta fara sa na ji cikina ya zauna. A watan Yuni akwai ranar girmama malamai, yara su zo a durƙushe da furanni har goshi ya kusa ƙasa. In zuciyarka ba ta natsu da hakan ba, ka je wurin shugaba kwanaki kafin ranar ka yi masa bayani, kada ka bari sai a tsakiyar taro ka miƙe. Za a gayyace ka walima a miƙo maka giya. Ka je, ka riƙe lemonka, ka yi dariya da mutane. Wanda ya ƙi zuwa ko'ina shi kaɗaici ke fara ci.

Kaɗaicin nan shi ne abin da hotuna ba sa nunawa. Tsakaninmu da gida awa 6 ne. Lokacin da ka dawo ɗaki a gajiye kana son jin muryar wani, su suna tsakiyar hidimar rana. Lokacin da suka natsu za su kira, kai kana barci. Ranar Sallah kana aji kana koyar da sunayen 'ya'yan itace. A irin wannan daren ne mutum ke faɗawa abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Ku 'yan mata abin ya fi tsanani a kanku, kada ki zo sai kin san wata mace da za ki kira in dare ya yi miki tsawo. Ku koyi harshen mutanen. Yana da karin sauti biyar, mu kuma da muka tashi da harshe mai hawa da sauka kunnenmu ya fi na Bature saurin kamawa. Sannan bakinka ya yi nesa da maganar gidan sarauta, a aji ko a intanet: sashe na 112 na dokar laifuka ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne, kuma bai ware baƙo ba.

Kuɗi fa? Za ka ci, za ka biya haya, za ka tura wani abu gida. Ba za ka gina bene a shekara biyu ba, kuma ka gaya wa 'yan gida haka tun wuri, kada hoton da ka ɗauka a bakin teku ya jawo maka jerin buƙatun da albashin gwamna ma ba zai biya ba. Karanta kwantiragi da idon basira. Shekarar karatu tana farawa a tsakiyar Mayu, akwai hutu a Oktoba da kuma dogon hutu wajen Afrilu, kuma ejan da yawa ba sa biyan watannin hutu. Ka duba kwanan wata da kyau, kalandarsu ta ɗara tamu da shekara 543, wato 2025 ita ce 2568. Izinin aikinka a ɗaure yake da makarantar, ranar da kuka rabu zamanka ma ya shiga tangal-tangal. Kuɗin tikitin komawa gida ya zauna a gefe, ko biki ko suna kada ka taɓa shi. Kowane kwana 90 kuma sai ka sanar da shige da fice inda kake zaune.

Hukumar malamai ta ƙasar, Khurusapha, izinin wucin gadi na shekara 2 take ba wanda ba shi da takardar koyarwa. Ana sabuntawa, amma yana da iyaka, kuma na ga waɗanda suka yi shekaru suna jin daɗi sai ga iyakar ta cim musu, ga mata ga 'ya'ya, ba lasisi. Kai da kake gida yanzu kana jiran hanya, wannan zaman jiran ya ishe ka yin PGDE, diflomar koyarwa ta masu digiri, a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ko a wata jami'a, ka yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, ka nemi ko makarantar unguwa ce ka koyar shekara guda, a ba ka takardar shaida mai hatimi da lambar wayar shugaban makaranta.