Ranar da na je gaida Kawu

Asabar ɗin nan ce aka ce in je in gaida iyayen budurwata maza, kun dai san zancen. Na sha shadda, na ja Dokta ya raka ni tunda shi ne mai baki a cikinmu. Muka yi sallama, muka durƙusa a gefen tabarma.

Daga baya aka ce mini falon cike yake, kowa fuska a sake, har Baba yana ta tsokanata. Wallahi ni ban ga ko ɗaya ba. Kawu kawai na gani. Yana can kusurwa ya tallafe kumatu, ya haɗe girar sama da ta ƙasa, ya kafe ni da ido. Na sunkuyar da kai, na ɗago, yana nan. Na kalli agogon bango, idona da kansa ya koma kan Kawu. Ga fanka na juyawa, ga gumi na bin bayana. A raina na ce shi ke nan, labarin bashin mai shago ya riga ni isowa.

Sai Baba ya ce, "To ɗana, wace sana'a ake taɓawa?"

Na ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi."

Falo ya yi tsit. Bawan Allah ya sake tambaya a hankali, kalma bayan kalma. Ni kuwa hankalina na kan Kawu, na ga ya yamutsa fuska, na ce lallai amsar ba ta ishe shi ba, bari in ƙara. Sai na ce, "Suna gaishe ku." Su wa? Oho. Yaron da ya kawo ruwa ya dire tire ya fita a guje, ina jiyo dariyarsa daga tsakar gida, nan da nan mata suka ɗauka. Har muryarta na tsinta a ciki, ita ce ma ta fi yi mini ciwo.

Ashe haƙori ke damun Kawu, daren jiya bai runtsa ba. Da muka tashi tafiya shi ya fi kowa sa albarka, ta gefen baki.

Amma Dokta nake so mu tattauna. Mutumin da na kawo don irin wannan rana ya duƙufa kan dambun nama, bai ce uffan ba. Sai a cikin adaidaita bakinsa ya buɗe. Wai in mutum ya tsorata, wasu 'yan gaɓoɓi da ke saman ƙoda ne ke sakin sinadarin adiranalin cikin jini nan take, wani sinadarin mai suna kotisol ya biyo baya, sai bayan kamar minti 20 yake kai ƙololuwa. Wai a ƙwaƙwalwa akwai wani yanki, amigdala, mai gadin haɗari. In jiki ya ɗau zafi haka, ido kan manne wa fuskar da ta yi kama da fushi ya manta da masu murmushi, har fuskar da ba ruwanta ma mai fargaba sai ya ga tsana a ciki. Wai wasu kauce wa fuskar suke yi gaba ɗaya, ni dai nawa mannewa ne.

Bai tsaya nan ba. Wai a 1993 masana a jami'ar Trier ta Jamus suka fito da wani gwaji: a tsayar da kai gaban alƙalan da aka hana murmushi da gyaɗa kai, ka yi jawabin neman aiki na minti 5, sannan ka riƙa cire 13 daga 1022 da ka, in ka kuskure a ce koma farko. Can a auna kotisol a yawunka. Na ce da sun yi magana ai da mun ba su aron Kawu kyauta.

Na ce, "Malam, duk ka san wannan, me ya hana ka zungure ni ka ce sana'a ake tambaya?" Wai yana nazarina ne. Nazari! Mutumin da har yau bai gama makarantar ba, mu ne muka laƙaba masa Dokta don kada ya karaya. Kuɗin adaidaita ni na biya zuwa da dawowa, ragowar dambun da aka ƙunso mana kuma a aljihunsa ya kwana.

Yanzu ƙannenta ko a masallaci muka haɗu sai sun ce "suna gaishe ku". Shi kuma wai zai zo Juma'a ya ƙarasa mini bayanin amigdala. Na ce masa ba na gari.