Davos da Chatham House: ina kujerar manomi a teburin nan?

Daren jiya muna majalisa a ƙauyenmu nan kusa da Gumel, wani mai sharhi a rediyo yana ta yabon tawagar gwamnati da ke zuwa taron Davos a Suwizalan duk watan Janairu, wai a can ake gamuwa da masu zuba jari, wai kuma irin waɗannan cibiyoyi ba ruwansu da jam'iyya, maslahar kowa ce a gabansu. Wannan ta ƙarshen ita ta tsaya min a rai har na kasa barci.

Na yarda ba su da jam'iyya. To amma ɓangare fa? Tun 1971 da Klaus Schwab ya kafa taron Davos, su wa ke zama a ciki in ba shugabannin ƙasa da masu manyan kamfanoni ba? Namu na gida ma, taron tattalin arziki na ƙungiyar 'yan kasuwa ta NESG da aka fara a 1993, gwamnati ce a gefe guda manyan 'yan kasuwa a ɗaya gefen, a otal a Abuja, da Turanci. Su biyun ne za su zauna su yanke yadda za a yi da gonar mutum na uku, shi kuwa yana can yana ban ruwa bai ma san ana yi ba.

Shekara da shekaru ana nanatawa a irin waɗannan ɗakuna cewa a cire tallafin fetur, a saki naira. Aka cire ranar 29 ga Mayu 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce dubu, kuma wallahi da akwai manomin rani guda ɗaya daga fadamar Haɗeja a wajen, da ya faɗa musu injin ban ruwa fetur yake sha, shinkafa da alkama ba sa jira a gama lissafi, in ruwa ya yanke sati guda shi ke nan asara ta tabbata. Haka da aka rufe boda bayan juyin mulkin Nijar a 2023, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ce ta sha wuya, dillalan shanu da masu lodi.

Za a ce ai tattaunawa ta fi rashinta. Tattaunawa da wa?

Abin da ya fi ci min rai shi ne lokacin zaɓe. Buhari ya je Chatham House, cibiyar nazarin harkokin duniya da ke Landan, a 2015, kafin zaɓen 2023 Tinubu ya je, Obi ya je, Kwankwaso ma ya je. Ƙuri'a tana nan Jigawa da Kano, bayanin manufa kuma a Ingila! Gidan da ma ya yi suna da ƙa'idar nan ta a faɗi abin da aka ji amma a ɓoye wanda ya faɗa, to talaka wa zai riƙe in shawara ta ɓaci?

Riɗi da zoɓon da muke nomawa har ƙasashen waje suke zuwa, Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015 saboda maganin ƙwari, duk maganar cinikin duniya ce da ta shafi rumbunmu kai tsaye. In da gaske suke, su kawo zama guda Maigatari ko Dawanau da kaka, a yi shi da Hausa, a ba sarkin noma da matan da ke tsince zoɓo lasifika su yi magana kafin minista.