Kafin ka ɗauki libarba mai faɗin baki, fara tambayar harsashinta

Duk wanda ya daɗe a Texas sai wata rana ƙafa ta kai shi kantin bindiga, ko da rakiya ce. Abin da na lura da shi a wajen 'yan uwanmu da ke zaune a Houston da kewaye shi ne, in mutum ya tsaya gaban gilashin nan da aka jera bindigogin hannu, idonsa ba ya tsayawa kan ƙananan. Can ƙarshen layi yake wucewa, inda aka ajiye libarba mai ƙaton baki, ƙarfe yana ta walƙiya, an rubuta .44 Magnum a jikinta, wato sunan harsashin da take ci. Sai ka ji ya ce wannan ce, in ɓarawo ya gan ta ma ya isa. Ni ra'ayina ya saɓa da haka. Wanda yake son bindigar da zai ɓoye a ƙugu ya yi yawo da ita kullum, harsashin da zai iya samu ya kuma iya biya shi ya kamata ya zaɓar masa bindiga, girman baki ya biyo baya.

A gida wannan magana ba ta ma tasowa. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya libarba da fistol cikin rukunin makaman da aka haramta wa jama'a, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar harbin tsuntsu da ta farauta suna hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Shi ya sa ko a watan Yunin 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga, maganar ta yi karo da dokar tarayya, aka yi ta ce-ce-ku-ce. A nan kuwa abin juye yake. Tun 1 ga Satumba 2021, wanda ya kai shekara 21 a Texas, kuma babu wani laifi da ya hana shi mallakar makami, yana iya ɗaukar bindigar hannu ba tare da lasisi ba. A 2022 kuma Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Bruen, ta soke sharaɗin jihar New York da ke cewa sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi izinin fita da bindiga. Wanda ya taso inda ganin fistol a hannun farar hula ke sa a kira shi ɗan fashi, ya zo ya tarar ana sayar da ita kusa da inda ake sayar da takalmin ƙwallo, dole kansa ya ɗan yi zafi. Ina ganin a nan son babbar bindiga ke samo asali a wurin mutanenmu.

Amma ba kowa ƙofar ta buɗe wa ba, kuma wannan ya fi komai muhimmanci ga ɗan ci-rani. Mai katin zaman dindindin yana iya saye, bayan ya cike fom mai lamba 4473 an kuma bincika sunansa a rumbun bayanan FBI. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai 'yan keɓantattun hanyoyi kamar mallakar lasisin farauta. Ƙarya a wannan fom babban laifi ne da kan iya kai mutum kurkuku, ya kuma raba shi da ƙasar gaba ɗaya. Ɗalibin da ya ga abokansa suna saye ya ce shi ma bari ya shiga layi, ya fara tambayar lauya.

To, mu koma kan ƙarfen. Libarba tana da abin so, ban musa ba. Ba ta da makullai da yawa, ka ja kunama ganga ta juya ta tashi. In harsashi ɗaya ya ƙi tashi, ka sake ja ta wuce zuwa na gaba. Ba ta damu da ƙura ko zaren aljihu kamar wasu fistol ba. Sai dai yawanci harsashi biyar ko shida take ɗauka, kuma sake cika ta yana cin lokaci, ko da ɗan ƙarfen nan mai zuba su gaba ɗaya. Gangar da ke juyawa kuma ita ce ke kumbura riga, don faɗinta yana ƙaruwa ne daidai da girman harsashin da ke cikinta.

Harsashin .44 Magnum ya fito ne a tsakiyar shekarun 1950, haɗin gwiwar kamfanonin Smith & Wesson da Remington, kuma mafarauta ne suka fi cin moriyarsa. Har yau mutanen Alaska da Montana suna rataya irin wannan bindiga saboda dabbar daji. Kamfanin Ruger na da wata gajeriya mai suna Super Redhawk Alaskan, nauyinta ya haura kilo ɗaya da kwata tun ba a zuba mata komai ba. Ka ɗaura wannan a ƙugu a watan Agusta a Houston, zafi da gumi, kana shiga mota kana fita, kana sunkuyawa ɗaukar kaya. Kafin mako ya zagayo za ta koma durowa. Bindigar da aka bari a durowa kuwa ba ta kare kowa a wurin ajiye motoci ba.

Sai wani ya ce to a nemo mara nauyi. A nan ne lissafin ke juyewa, domin ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne ke tura bindiga baya, kuma nauyin ƙarfe ne ke shanye wani ɓangare na wannan duka. Smith & Wesson na da wata ƙarama, 340PD, mai cin .357 Magnum, nauyinta bai kai giram 350 ba. A aljihu ba ka ma jin ta. Amma je filin koyon harbi ka tsaya bayan wanda ke gwada irinta da cikakken harsashi. Harbi na farko, bakin bindiga ya yi sama, wuta ta fito kamar tafin hannu, ƙarar ta ratsa toshin kunne. Kafin na biyu za ka ga ya runtse ido, kafaɗarsa ta ɗage, hannunsa ya dunƙufar da bakin bindiga ƙasa tun kunama ba ta gama tafiya ba. Harsashi ya bugi ƙasan takarda, ko ya kauce mata ɗungum. Ya juya yana murza tsakanin babban yatsa da manuniya, inda fata ta yi ja. Ba rashin jarumta ba ne, jiki ne ke gudun abin da ya san zai yi masa ciwo, kuma in wannan ɗabi'a ta zauna cire ta aiki ne.

Akwai kuma asarar da ba a gani. An tsara albarushin harsashin Magnum ne don ya ƙone cikin dogon bututu. In bututun inci biyu ne, wani kaso na albarushin a waje yake ƙonewa, ya zama walƙiya da ƙara, gudun harsashi kuma ya ragu. Kenan ka biya kuɗin ƙarfi, ka sha dukansa a hannu, amma ba duka ya isa inda ka nufa ba. A cikin ɗaki da dare, ba toshin kunne, wannan ƙara na iya taɓa jin mutum har abada. Gidajen nan kuma bangonsu allo ne na farar ƙasa, ba bulo da siminti irin namu ba. Harsashi mai nauyi in ya kauce zai ratsa bango ya shiga ɗakin yara ko gidan maƙwabci, kuma doka tana ɗora wa mai bindiga alhakin duk inda harsashinsa ya sauka.

Hukumar FBI kanta ta bi wannan hanya ta dawo. Bayan musayar wuta a Miami a 1986 da aka kashe jami'anta biyu, ta koma neman harsashi mai ƙarfi, ta ɗauki 10mm, daga baya .40. A tsakiyar shekarun 2010 ta koma 9mm, bisa hujjar cewa harsasan zamani sun inganta kuma jami'ai sun fi samun abin da suka auna da shi. In hukumar da ke horar da mutanenta da kuɗin gwamnati ta ga haka, ban ga dalilin da direban Uber ko ma'aikacin asibiti zai ɗora wa kansa abin da ya fi ƙarfin hannunsa ba.

Maganar harsashi ita ce mutane suka fi mantawa da ita a gaban gilashi. Mai sayen doki ya kan fara duba rumbunsa na dawa da harawa, amma mai sayen bindiga sai ya biya ya fito sannan ya tambayi abin da take ci. Shiga kowane babban kantin kayan wasanni, Academy ko Bass Pro, ka dubi kanta. Harsashin 9mm ya cika layi sama da ƙasa. Na .38 Special da .357 Magnum suna nan daidai gwargwado. Na .44 Magnum kwali kaɗan ne, yawanci na farauta. Na .44 Special da .45 Colt kuwa sai ka yi sa'a, wani lokaci iri ɗaya tak, wani lokaci gurbin kawai da takardar farashi. Kuɗinsu kuma yakan ninka na 9mm fiye da sau biyu. Walmart, wadda da ita ce mafi kusa ga mai ƙaramin ƙarfi, ta sanar a Satumbar 2019, bayan harbin da aka yi a kantinta na El Paso, cewa za ta daina sayar da harsashin bindigar hannu.

Wanda yake nan a 2020 da 2021 ya ga yadda abin ke zama in kasuwa ta rikice. Annobar korona da zanga-zanga da zaɓe suka sa mutane suka yi ta sayen bindiga ba ƙaƙƙautawa. A daidai lokacin kamfanin Remington ya karye, masana'antarsa ta harsashi da ke Lonoke a Arkansas ta yi rauni kafin Vista Outdoor ta saye ta. Kantuna suka bushe, aka koma ƙayyade kwali nawa mutum zai saya. Masana'antu kuma suka yi abin da kowane ɗan kasuwa zai yi, suka karkata injinansu ga abin da aka fi nema. Harsasan manyan libarba su ma suka ɓace, suka kuma yi jinkirin dawowa. Masu irin waɗannan bindigogi suka koma zaman jiran saƙo a intanet, wasu kuma suka koyi cika kwanson harsashi da kansu a gareji, sana'ar da ke tuna mini da maharban ƙauye masu auna albarushi da hannu, sai dai a nan da sikeli da littafin ma'auni ake yi, kuma su ma abin tayar da wutar ya yi musu wuyar samu.

Inda kake zaune ma yana da tasiri. A Texas ka saya ta intanet a kawo maka har ƙofa. California tun Yulin 2019 ta sa binciken suna kafin sayen harsashi, maganar da ta yi ta yawo a kotuna, New York ma ta bi sahu a 2023. Wanda ya zaɓi harsashin da ba a samu a kantin unguwa, a irin waɗannan jihohi wahalarsa biyu ce. Kuma izinin Texas ba ya aiki a New York ko New Jersey ko Illinois, don haka mai tuƙi zuwa biki ko ɗaurin aure a can ya sani.

In mutum ya nace sai libarba, shawarata ita ce mai cin .357 Magnum da aka yi da baƙin ƙarfe, irin Ruger SP101 mai nauyin kusan giram 740. Dalili ɗaya ne babba: tana cin .38 Special, wanda ya fi araha, ya fi sauƙin samu, ya fi sauƙi a hannu. Ka yi atisaye da shi, ka ɗauke ta da shi ma in ka so. Haka mai cin .44 Magnum tana cin .44 Special, amma a nan ka gudu daga tsada ne ka faɗa ƙaranci. Wanda ransa ya kafe kan faɗin baki ya dubi Bulldog ta Charter Arms, wadda ta fito a 1973, mai harsashi biyar na .44 Special. Dukanta bai kai na .44 Magnum ba, ɓoye ta ba wuya, amma ya tabbatar akwai inda zai riƙa samun abincinta kafin ya miƙa kati. Ya kuma ware kuɗin kube mai kyau da ɗamara mai ƙarfi. Mu masu kaftani da babbar riga mun fi kowa sauƙin ɓoyewa, gaskiya ne, amma gwada fito da abu daga ƙarƙashin yadi biyar cikin gaggawa ka ga yadda za a ƙare.

Ban rubuta wannan don in zuga kowa ya saya ba. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka a 2021, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Gidajenmu gidajen yara ne da baƙi, wannan ya shigo wancan ya fita, ɗan wa da ɗan ƙani suna buɗe kowace durowa. Wanda ba zai sayi akwatin ƙarfe mai makulli ba, ko yake fama da ƙuncin rai, ko gidansa babu zaman lafiya, barin sayen ya fi masa alheri. Akwai kuma wuraren da ko mai lasisi ba ya shiga da ita, kamar kotu da rumfar zaɓe da gidan waya, masallatai da kantuna kuma suna da ikon manna sanarwar hani a ƙofa.

Masu zuwa gida hutu kuma su kiyaye jaka. A 2024 an tsare wasu Amurkawa a tsibiran Turks da Caicos da ke yankin Caribbean saboda 'yan harsasan da suka manta cikin kayansu, a ƙasar da dokarta a lokacin ta tanadi ɗaurin shekara 12. Dokar Najeriya ma ta haɗa da harsashi, ba bindiga kaɗai ba. Jakar da kake zuwa filin harbi da ita kada ta zama wadda za ka sauka da ita a Kano ko Abuja, kuma kafin tafiya a zazzage kowane aljihu na riga da na jaka a kan gado, a duba da ido.