A koya wa ɗaliban sana'a Faransanci a wurin aiki

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai game da makarantun koyon sana'a na Kebbi.

Ɗan yayata ya koyi haɗa sola, kuma hannunsa ya faɗa sosai. Wani ɗan kasuwa ya kira shi aiki a Malanbil, cikin Jamhuriyar Benin. Ciniki bai ba shi wahala ba, da Hausa da Dandanci aka gama. Sai aka kawo takardar yarjejeniya da ta lissafin kaya, duk da Faransanci. Dole ya nemi tafinta, tafinta ya yanki rabonsa, yaro kuma ya sa hannu a kan abin da bai iya karantawa ba. Da ya ba ni labari, wallahi na ji zafi. Gumi nasa, basira tasa, amma bakinsa yana hannun wani.

Ku dubi inda Allah ya ajiye mu. Ta Kamba muna iyaka da Nijar, ta Lolo da Tsamiya muna iyaka da Benin. Ko da Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, Faransanci yana nan cikin harsunan aiki, a Benin kuwa shi ne na gwamnati. Tun 1996 Abacha ya ce Faransanci ne harshen hukuma na biyu a Najeriya. Me muka gani? 'Yar gaisuwa a ƙaramar sakandare, sai yaro ya manta kafin ya riƙe sifana.

Ni ba nahawun allo nake nema ba. A ware awa biyu a mako, a cikin shagon koyon aikin, malami ya ɗaga waya ko batir ya faɗi sunansa. A koya wa mai walda da tela da bakanike ƙirga, awo, rubuta lissafin aiki da sefa, da karanta gargaɗin da ke jikin inji. Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi za ta iya buɗe hanya, kwalejojin fasaha na sakandare su biyo baya. Malamai ma ba sai an je cibiyar koyar da Faransanci ta Badagiri a Legas ba, garuruwanmu na bakin iyaka cike suke da waɗanda suka yi boko a Doso da Yamai. Mai niyyar Saudiyya kuma a ɗora masa Larabcin aiki a kan abin da ya samu a Islamiyya.

Na san wani zai ce Turancin ma bai zauna ba. To, yaron Kamba da ke juya Hausa da Zabarmanci da Fulatanci tun kafin ya shiga aji ɗaya, shi ne za a ce sunayen kayan aikinsa za su gagare shi? Ɗan yayata dai ya nemi wani dattijo a unguwarsu da ke koya masa bayan isha'i, daga aljihunsa yake biya.