Mahauci, Masunci da Damben Turawa

(Teburin mai shayi, bayan isha'i.)

SARKIN FAWA: Ticha, ajiye wayar nan ka raba mu gardama. Wannan mai ƙarnin kifin ya ce wai a Ingila ba ruwan mahauta da dambe.

SARKIN RUWA: Na faɗa, na ƙara. Bature zai bar mai jini a gaban riga ya shiga fili?

TICHA: To Baba, damben farko da jarida ta buga labarinsa a Ingila, a 1681 aka yi shi. Wani basarake, Duke na Albemarle, ya haɗa baran gidansa da wani mahauci, shi kuma ya harɗe yana kallo.

SARKIN FAWA: Wa ya kashe?

TICHA: Mahaucin.

SARKIN FAWA: Allahu Akbar! Mai shayi, soya wa Ticha ƙwai biyu, ka rubuta a kaina.

MAI SHAYI: Na jiya ma yana kanka, ranka ya daɗe.

SARKIN RUWA: Bara fa ya doka, mai goge takalmin maigida. Ticha, kawo mana maza.

TICHA: Wanda aka fara kira gwanin Ingila shi ne James Figg, a 1719. Ya buɗe gidan wasa a Landan. Amma shi ba hannu kaɗai ba, har sanda da takobi ake gwabzawa a wurinsa.

SARKIN FAWA: Takobi? Ai wannan ya bar dambe, ya shigo sana'armu ba da sallama ba.

TICHA: Sai Jack Broughton, wanda ake ce wa uban damben Ingila. Asalinsa mai fito ne, kwale-kwale yake tuƙawa a kogin Thames.

SARKIN RUWA: Sake faɗa, wani bai ji ba! Kwale-kwale! Mai shayi, ƙara masa madara.

MAI SHAYI: Yau Ticha zai ƙoshi, ni zan kwana da bashi.

TICHA: Shi ya rubuta dokoki bakwai a 1743. Ba a dukan wanda ya faɗi. Ba a kama mutum ƙasa da ƙugu. In an kai ka ƙasa, kana da sakan 30 ka dawo tsakiyar fili, in ba ka dawo ba an cinye ka.

SARKIN FAWA: Ka dawo ina? A wurinmu ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, kakkaɓe wandonka za ka yi ka nufi gida. Su kuma har a jira ka ka sha iska? Dokar mai ruwa ke nan, ka nutse ka taso.

TICHA: Shi ne ma ya kawo safar hannu mai laushi, don 'ya'yan masu kuɗi da ke koyo a wurinsa kada su koma gida da kumburarren baki. A fili kuwa hannu tsirara ake yi.

SARKIN FAWA: Matashin kai a hannu! Mu kara muke naɗawa.

SARKIN RUWA: Surutu dai. Ticha, akwai wanda ya taɓa kayar da mutumina?

TICHA: Baba, shayina zai huce.

SARKIN RUWA: Tambayarka nake.

TICHA: A 1750 wani Jack Slack ya kai masa naushi tsakanin ido, idanun suka kumbura suka rufe. Cikin minti 14 an gama. Ɗan sarki, Duke na Cumberland, da ya zuba kuɗi a kansa, an ce fam 10,000 ya yi asara.

SARKIN FAWA: Shi Slack ɗin, mece ce sana'arsa?

TICHA: Baba, a bar maganar.

SARKIN FAWA: Faɗi, ɗana, Allah ya yi maka albarka.

TICHA: Mahauci ne, daga garin Norwich.

SARKIN FAWA: (ya cire hula ya hau rawa) Ina makaɗa? A kira mini mai kalangu!

SARKIN RUWA: Sa'a ce kawai.

TICHA: Amma da Broughton ya mutu a 1789, a Westminster Abbey aka binne shi, inda aka binne sarakunansu da dama.

SARKIN RUWA: Ka ji! Naka fa, a ina aka sa shi?

SARKIN FAWA: Mu ba don kabari muke dambe ba.

WANZAMI: (daga ƙarshen benci) Ku dai kuna ta cika baki. Ticha, a dokokin nan bakwai an hana kama gashi?

TICHA: A tsaye dai ba a hana ba. A 1795 ma John Jackson ya damƙi sumar Daniel Mendoza da hannu ɗaya, ya yi ta jibgarsa da ɗayan har ya karɓe kambun. Mendoza kuwa gwanin kauce-kauce ne, har littafi ya rubuta a kan dambe.

WANZAMI: Littafi! Da ta rumfata ya biyo da safe, na yi masa ƙwal-kwabo, sai Jackson ya kama iska. Ba mahauci, ba masunci, rashin wanzami ne ya ci mutumin nan. Kai ma Ticha, wannan sumar taka ta isa a riƙe da hannu biyu. Matso nan, askata na aljihu.

TICHA: Mai shayi, zuba mini ƙwan a leda.