Uwar mai shan ƙwaya a Nima, da wane yare za ta yi kuka?

Akwai wata dattijuwa a layinmu a unguwar Nima ta birnin Accra, a Ghana, mai sayar da koko da ƙosai, wadda ta yi shekara biyu tana ce wa maƙwabta aljanu ne suka taɓa ɗanta. Kowa a layin ya san ƙwayar tiramol ce yake sha, ita ma ta sani. Ranar da na tsaya sayen koko na ce, "Mma, yaya mai jiki?" sai ta ajiye ludayi, ta dubi hagu da dama, ta ce, "Ɗana, in na ce ƙwaya ce, wa zai auri ƙannensa mata?"

Wannan tambayar ita ce damuwata. Muna yawan magana kan matasan Zongo, wato unguwannin Musulmi na Ghana, da ke shaye-shaye, a huɗuba da wurin suna da gindin ataya, amma ba mu cika maganar iyayen da ke ɗauke da su ba. Uwa ce ke ɓoye kuɗin cefane a cikin zani, ita ke biyan wayar da ya sata, ita kuma ake zagi cewa ba ta yi tarbiyya ba.

Yawancin yaran nan ba don nishaɗi suka fara ba. Ɗan okada, mai tuƙa aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya), mai ɗaukar kaya a kasuwar Agbogbloshie, wani ne ya ce masa ƙwaya ɗaya za ta sa ya yi aikin mutum biyu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta amince ne da tiramol mai ƙarfin miligiram 50 da 100, da takardar likita. Wanda ke yawo a lungu kuwa 120 ne, ko 225, ko 250. Yanzu ga wadda ake kira "Red" ta shigo, haɗin tapentadol da carisoprodol, wadda binciken BBC na farkon 2025 ya bi sawunta har Indiya. Jikin da ya saba da irin wannan ba ya saki don an yi masa faɗa. In an yanke masa kwatsam, sai zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, yawan tiramol kuma yana kawo farfaɗiya. Farfaɗiyar nan ce iyaye ke gani su ce iska ce.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne doka ta canza, labarin bai iso tsakar gida ba. A tsohuwar dokar 1990, wanda aka kama yana sha, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 5 ne a kurkuku. A 2020 majalisa ta yi sabuwar doka mai lamba 1019, ta mai da riƙe ƙwaya don amfanin kai laifin tara, daga sidi 2,400 zuwa 6,000, ta kuma ɗauki jaraba a matsayin matsalar lafiyar jama'a. Tarar tana da nauyi ga talaka, wanda ya kasa biya kuma har yanzu yana iya shiga gidan yari. Duk da haka sauyi ne babba. Amma Mma mai koko tana nan da tsoron 1990: tana ganin in ta kai shi asibiti, 'yan sanda ne za su karɓe shi.

Sai kuma yare. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne a duk ƙasar, na Accra da Pantang da Ankaful, kuma Pantang na da sashen masu fama da jaraba. Na taɓa raka wani dangi wani asibiti. Ma'aikaciyar ta yi bayani da Turanci, ta koma yaren Twi, mahaifin yana ta gyaɗa kai. Da muka fito ya tambaye ni, "Me ta ce?" Cibiyoyi masu zaman kansu da yawa na coci-coci ne, suna aiki tsakani da Allah, amma uba Musulmi zai yi ta tunanin sallar ɗansa da abincinsa, ga kuɗin wata-wata. Daga nan sai a koma wurin da ake jin Hausa, ko da ɗaki ne da sarƙa a ƙafa.

Ba na raina addu'a, ni ma da ita na tashi. Malamin da ya yi wa yaro ruƙiyya, sannan ya ce wa uban, "Alhaji, gobe mu tafi Pantang tare," ya yi aikin da likita shi kaɗai ba zai iya ba. Muna da ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda maganarsa ke shiga kowane gida. Muna da sarakunan Zongo da magajiyoyi, da Asusun Raya Zongo da aka kafa da dokar 2017. Muna kuma da 'ya'yanmu ma'aikatan jinya da suka tashi a Maamobi da Fadama da Sabon Zongo.

Abin da nake roƙo ƙarami ne: ɗaki ɗaya a makarantar Islamiyya, yamma ɗaya a mako bayan la'asar, ma'aikaciyar lafiya mai jin Hausa, da iyaye mata su zauna ba tare da an rubuta sunan kowa ba. A gaya musu me doka ta ce, me ke sa farfaɗiya, nawa ne kuɗin jinya, wace mota ake shiga zuwa Pantang. Na tambayi Mma ko za ta zo in an buɗe. Ta ce za ta zo, in dai ƙofar ba ta kallon titi.